Yadda Ake Bin Salsalar Iyali Ta Tsofaffin Takardu

Yawancinmu idan aka ce mu ja nasaba, daga uba sai kaka, in an yi ƙoƙari a kai ga baban kaka, daga nan sai a fara 'yan kame-kame. Ana iya wuce nan, domin ƙasar Hausa ba ta rasa rubutu ba. Akwai littattafan alƙalai, da rajistar haraji, da wasiƙun sarakuna, da rahotannin Turawan mulki. Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka tashi: ba a jera waɗannan takardu da sunayen mutane ba. An jera su ne da lardi, da gunduma, da shekara. Wanda ya doshi ma'ajiyar takardu ta Kaduna da sunan kakansa kaɗai zai dawo hannu Rabbana. Aikinka na farko shi ne ka gano gari, da hakimi, da zamani, sannan ka nemi mutum a cikinsu.

Mataki na farko: zauna da tsofaffin gida

Fara da wanda ya fi kowa tsufa, kuma ka fara yau. Kada ka tsaya kan maza kawai. Gwaggo da inna da kaka mace su ne suka san wa ya auri wa, wace ce ta fita, wane yaro aka ba wa riƙo a wani gari. Tafi da goro ko turare, ka nemi izinin naɗar murya a waya, kuma kada ka tsare tsohuwa da tambaya kamar ɗan sanda.

Akwai wata matsala da sai ɗan gida ya san ta, wato alkunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. In ka ce, "Gwaggo, mene ne sunan Malam na yanka?" sai ta kau da kai. Bi ta bayan gida: "Gwaggo, shi Abba na gidan Kawu, sunan wa aka mayar masa?" Za ta ce ai sunan Malam ne ya ci, shi ya sa ba a kiransa da shi. Ka ga ka samu. Duk wani Abba, ko Baba, ko Ummi, ko Iya da ke gidanku, akwai sunan wani magabaci a ɓoye a bayansa.

Tambayi sana'ar gidan, da unguwar da aka fara sauka, da irin zanen da ke fuskar kakanni, da kirarin da maroƙa ke yi muku a wajen biki. Wanda aka ce masa gidansu Agalawa ne ko Tokarawa, to ya san akwai fataucin goro zuwa Gwanja a tarihinsa. Wanda aka ce masa Sulluɓawa ne ko Dambazawa ko Joɓawa, hanyarsa ta nufi gidajen sarauta.

Mataki na biyu: mayar da zamani shekara

Kada ka tambayi tsoho shekarar haihuwa. Tambaye shi wane sarki ne a kan gado, ko me ya faru a lokacin. A Kano, Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. A Katsina, Dikko ya hau a 1906 ya rasu a 1944. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938. Idan an ce "kakanka yana saurayi jirgin ƙasa ya iso Kano," to 1911 ake nufi. Yunwar Kakalaba ta faɗo a 1913 zuwa 1914, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya Kaduna 1956, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973.

Takardun malamai da na alƙalai da shekarar Hijira suke zuwa. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa da shekarar Miladiyya: 1350 za ta ba ka 1931. Takardar rantsuwar shekaru kuwa, wadda aka yi wa mutum a kotu don neman aiki ko fansho, ka karɓe ta da taka-tsantsan, musamman in ka ga an rubuta 1 ga Janairu. Sau da yawa ƙiyasi ne.

Mataki na uku: tattara duk sunayen mutum ɗaya

Nan ne mutane da yawa ke wuce kakansu a takarda ba su gane shi ba. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a wajen liman, Garba a gida, Habu a kasuwa, kuma Tanko a bakin mahaifiyarsa saboda ya biyo mata. Umaru shi ne Sanda, Yusufu shi ne Maitama, Usman shi ne Shehu, Hauwa ita ce Kulu, A'isha ita ce Indo. Bature kuma ya rubuta abin da kunnensa ya ji: Muhammadu ya koma Mohamman ko Momodu. A ɓangaren Faransa za ka ga Ousmane da Issoufou, Tasawa ta zama Tessaoua, Damagaram kuma Zinder. Makarantun boko na farko sun ƙara nasu, inda suka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu, kamar yadda muka san Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Saboda haka 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya suna iya fitowa da sunaye na biyu mabambanta. Rubuta kowane suna da kowace irin rubutawarsa a shafi guda, ka riƙa tafiya da shi.

Mataki na huɗu: buɗe gafaka da adaka

Kafin ka biya kuɗin mota ko'ina, duba abin da ke ɗakin marigayi. In gidan malamai ne, ɗauko Alƙur'ani ko littafi rubutun hannu ka je shafin ƙarshe. A can marubuci kan yi godiya ga Allah da ya kammala, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da malaminsa da garin da ya yi rubutun. A tsakanin warƙoƙi kuma akan tarar da 'yar takardar da aka rubuta ranar haihuwar yaro, ko bashin da ake bin wani, ko rabon gado. Rasidin haraji yana ɗauke da sunan gunduma da na ƙauye. Takardar sallama daga soja tana da lambar mutum, kuma da lambar ake neman soja, tunda masu suna iri ɗaya suna da yawa. Tsohon fasfo na aikin Hajji da katin En'e su ma ka ware su.

Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya kafin ka motsa ta. Kada ka manna mata salatef, kada ka kai ta a shafe ta da roba mai zafi, domin hakan kashe ta yake yi. Sa ta tsakanin farar takarda, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da danshi. In ajami ne ko Larabci irin rubutun da, nemi tsohon alaramma ya karanta maka, ka naɗi karatun.

Mataki na biyar: mai unguwa, dagaci, hakimi

Bi su a jere, kada ka tsallake na ƙasa. Su suka karɓi haraji da jangali har zuwa lokacin da aka soke su, kamar yadda aka yi a jihohin Kano da Kaduna a 1979, kuma wasu gidajen har yau suna riƙe da tsofaffin littattafan. Tambayi kotun yankin ma ko tana da tsohon littafin gado. A ganina babu takardar da ta kai ta rabon gado daraja ga mai wannan aiki, saboda alƙali ba ya raba dukiya sai ya lissafa magada ɗaya bayan ɗaya: mata, 'ya'ya maza, 'ya'ya mata, iyaye in suna raye. Sunayen matan da ba su shiga rajistar haraji ba, a nan ake samunsu.

Mataki na shida: manyan ma'ajiyoyi

Yanzu ka isa zuwa Kaduna. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can ita ke riƙe da fayilolin tsohuwar Jihar Arewa. An yi musu lamba da sunan lardi: KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, KATPROF na Katsina, sai SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa. Tafi da katin shaida, ka nemi kundin jerin fayiloli na lardinku, ka bi sunan gundumarku. Abu biyu za ka fi nema: rahoton ƙiyasin haraji, da littafin gunduma da Di'o, wato Baturen da ke kula da yankin, ke rubutawa. A cikinsu akwai asalin kowane ƙauye, da jerin dagatai, da inda mutanensa suka taso, da sana'o'insu. Ko ba ka ga sunan kakanka ba, za ka iya ganin shekarar da ayarinsu ya sauka. A ƙasar Kano ka tambayi takardun taki, wato awon gonaki da malaman taki suka yi don yanka haraji, tunda suna ɗauke da sunayen masu gona.

A Kadunan dai akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da rubuce-rubucen Larabci da kundayen ɗaliban tarihi. Kada ka raina kundayen nan; wataƙila wani ya riga ya yi hira da dattawan garinku da yanzu ba sa raye. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, suna da labaran naɗin sarauta da wasiƙun masu karatu, har da na sojojin da suka je Bama. Duk abin da ka kwafa, rubuta lambar fayil da shafi a gefensa nan take.

In sawu ya tsallaka iyaka, bi shi. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, takardunsu suna Yamai, wasu kuma a Dakar inda babban gwamnan Faransa ya zauna. Zuriyar fataken goro su nemi sarakunan zango a Kumasi da Ankara a ƙasar Ghana, su tuna cewa yaƙin Salaga na 1892 ya watsa Hausawa da yawa, korar baƙi ta 1969 kuma ta dawo da wasu gida. Waɗanda aka ce kakansu ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, su tambaya a Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan.

Ka shirya wa abin da ba ka zata ba. Kana iya tarar da sunan magabacinka a rajistar bayin da aka 'yanta a gaban alƙali, domin sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Kana iya ganin gidan da ake cewa daga Gabas ya zo, takarda ta nuna daga ƙauyen da ke kusa ne. Ba na goyon bayan a goge irin wannan, kuma ba na goyon bayan a watsa shi a Facebook kafin a zauna da manyan gida. Bature ma yakan yi kuskure, tunda ta bakin tafinta yake ji, kuma wanda ke gabansa yana da abin da yake karewa. Don haka a gaban kowane suna ka rubuta inda ka samo shi: wannan daga bakin Gwaggo, wannan daga littafin gado, wannan maroƙi ne ya faɗa. Inda baki da takarda suka saɓa, ajiye duka biyun. Sannan ka buga kwafi uku ko huɗu ka raba a gidajen 'yan'uwa daban-daban, har da na ɓangaren mata.