Darasi na 9: Dukiyar mamaci kafin a raba gado

Da zarar an share makoki, kada kowa ya ɗauki ko tsinke. A samo littafi, a zaunar da dattawa biyu masu gaskiya, a rubuta duk abin da mamaci ya bari: gida, gona, dabbobi, kayan shago, kuɗin banki, zubin adashi, da bashin da yake bin mutane. Takardun fili a kulle su wuri ɗaya, kowa ya san mai riƙe da makulli.

Daga nan sai takardar shaidar mutuwa. Idan a asibiti ya cika, a karɓi takardar likita, a kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ƙaramar hukuma a yi rajista. Banki da kamfanin fansho ba za su saurare ku ba sai da ita. A yi kwafi da yawa, asalin ya zauna a gida.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne katin ATM. Ɗa ya san lambar sirrin mahaifinsa, sai ya riƙa cirewa wai ana cefane. Kuɗin nan na magada ne duka, har da marayu, kuma banki na rubuta ranar kowane cira. A sanar da banki ya rufe asusun. Wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba. Sai da takardar kotu za a sake su.

Shari'a ta jera abubuwa, ba a tsallake. A fara cire kuɗin likkafani da na kabari. Sai bashi, kuma sadakin da bai gama biyan matarsa ba yana ciki. Mai da'awar bashi ya kawo takarda ko shaidu. Sai wasiyya: ba ta wuce kashi 1 cikin 3, ba a kuma yi wa magaji. Abin da ya rage shi ne gado. Matar mamaci na samun tumuni, wato 1 cikin 8, idan ya bar 'ya'ya ko jikoki ta wajen ɗa namiji. Idan babu, rubu'i, wato 1 cikin 4. Ko su huɗu ne, wannan kason suke rabawa.

Idan akwai mai juna biyu a gidan, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta sauka. Rabon kuwa a yi shi gaban alƙali, a karɓo takardar hukunci, a rubuta sunan wanda zai riƙe wa ƙananan yara kasonsu da adadin abin da aka damƙa masa.