Kurakuran Da Muke Yi Wajen Sauya Ƙafar Mota A Zariya

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Samaru da PZ kullum, ko yake ratsa lungunan Tudun Wada da damina, ya san ƙafar mota, wato kayan da ke haɗa tayoyi da jikin mota, ba ta tsufa a garin nan. Ga ramuka, ga gargada, ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama. Wata rana sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, ka nufi Sabon Gari da niyyar ba gyara kaɗai ba, har ka ƙara wa motar ƙarfi fiye da yadda kamfani ya yi ta. To a nan kuɗi ke zubewa.

Babban kuskure shi ne rashin bambance aikin sifirin da na shakazoba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke sa ta yi tsayin da take da shi. Shakazoba kuwa aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan an faɗa rami. Wani maƙwabcina da ke loda wa Corolla buhunan masara daga Giwa ya ga bayan motar ya zauna, sai ya sayo shakazoba sababbi masu tsada. Aka ɗaura, aka sauke jak, mota ta koma ta zauna daram kamar ba a taɓa ta ba. Sifirin ne ya gaji. Kafin ka sayi komai, ajiye motar a wuri mai daidai, ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman kowace taya. Idan hagu da dama sun saɓa sosai, ko baya ya yi ƙasa babu kaya a ciki, sifirin za ka fara zargi. Sannan ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Ya kamata ta taso ta tsaya cak. Idan ta yi ta rausaya, shakazoba ta mutu.

Ita ma ƙarar, ba kowace ce ta shakazoba ba. Sau da yawa bushin ne, wato robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, ya tsage, ko ɗan ƙarfen da ke haɗa sitabilaiza, sandar da ke rage wa mota tangaɗi a kwana, ya saki, abubuwan da kuɗinsu bai kai rabin na shakazoba ɗaya ba. Boljoyin, gaɓar da ke haɗa taya da hannun ƙafa, da tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, su ma suna kuka. Ka sa a ɗaga motar a girgiza tayar a gabanka.

Sai maganar Baljiyam, wato kayan hannu da ake shigowa da su daga waje, wadda ni kaina ta taɓa ƙona ni. Na shiga wani shago, mai shagon ya ciro mini shakazoba biyu suna ƙyalli, ya ce, "Alhaji, wannan daga jikin mota aka kwance ta, ko shekara ba ta yi ba." Na biya. Kwana ashirin ba su cika ba ta hagu ta fara tsiyayar mai. Da makanikena ya kwance ta, sai ya kankare fentin da farce ya nuna mini wani ɗan tabon walda a gindinta: an huda ta, an ɗura mata mai, an like, an fesa baƙin fenti. Ya ce, "Oga, ai wannan gawa aka yi wa kwalliya." Ba ina cewa duk Baljiyam banza ba ce. Hannun ƙafa na ƙarfe ko sifirin na asali, idan ba su lanƙwashe ba, sukan fi sabon jabu. Amma shakazoba abu ce mai ƙarewa daga ciki, ido ba ya gani, kuma masu ƙera ta da kansu suna cewa a duba ta sosai da zarar ta yi kamar kilomita 80,000. Wadda ta gama yawo a titunan Turai fa? Idan dole ce ta sa, ka tsayar da ita ka danna sandar ka ja: ta yi tauri daidai daga farko har ƙarshe, babu wurin da take zarcewa fayau, kuma sandar ta kasance sumul babu karce.

Sabuwa ma sai da lura. Sunaye irin su KYB, Monroe, Sachs da Bilstein na kirki ne, shi ya sa aka fi yin jabunsu. Kwali ba shaida ba ne. Ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ka tafi da lambar shasi ta motarka mai haruffa da lambobi 17, domin Camry ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka ba lallai kayanta su zama ɗaya da na wata ƙasa ba. "Zai shiga" ba amsa ba ce.

Ɗaga mota, wato ƙara mata tsayi daga ƙasa, shi ne abin da ya fi ruɗar mutanen Zariya, kuma ban ga laifinsu ba, wanda cikin motarsa ya taɓa gogar tudu ya san zafin abin. Ɗan ƙari kaɗan da roba mai kyau ba ya ɓarna sosai. Matsalar ita ce zarcewa. Idan ka cusa abu mai kauri, ko ka sa sifirin wata babbar mota, shakazobar za ta zauna a miƙe kusan ƙarshenta, duk ramin da taya ta faɗa sai ta buga. Shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba zai karkace fiye da kima, robarsa ta yage, giris ya fita, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Motar kuma tana ƙara tangaɗi, abin da ba ka so ke nan idan kana gudu a hanyar Kaduna. Tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba tauri ne ya sa ta shahara a hanyoyin karkara ba, ƙafarta ce ke da wurin motsi mai yawa, tana haɗiye rami. Wanda ke ɗaukar kaya kullum, ya nemi sifirin baya mai ƙarfi wanda aka yi domin irin motarsa. Shi kuwa matashin da ke yanke sifirin don mota ta kwanta ta yi kyau, sai dai mu ce Allah ya kai shi Kwangila lafiya.

Haka batun manyan wili, waɗanda ake sa wa taya mai gajeren gefe. Taya mai lamba 195/65 R15 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 127, ita kuwa 225/40 R18 milimita 90 ne. Wannan bambancin shi ne katifar farko tsakaninka da rami, idan ka rage shi wili da boljoyin ne za su biya.

Ranar ɗauri kada ka bar gareji. A sauya biyu tare, hagu da dama, ko da ɗaya ce ta mutu, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe wajen birki. Kada yaron gareji ya kama sandar shakazoba da filaya, karce ɗaya ya isa ya cinye robar da ke tsare mai. Kusoshin bushin kuma ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak. Sai nauyinta ya hau tayoyi, domin idan aka ɗaure a sama robar za ta zauna a murɗe, ta tsage cikin 'yan watanni. Daga nan kai tsaye wajen alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, kafin sababbin tayoyinka su cinye ta gefe ɗaya.

Akwai wata 'yar roba mai kama da zugazugi da ke rufe sandar shakazoba, yawanci ana samunta a yage, sai a jefar a ɗaura haka nan. Ka sayi sabuwa a sa. Ƙurar hunturun Zariya idan ta manne a sandar, tana shiga tana fita kamar sanfefa, kafin damina ta zagayo sabuwar shakazobarka ta fara zubar da mai.