Babi Na Bakwai: Farashin Goge Tagogi Idan Maigida Ya Ce A Rage Yawan Zuwa

Mai sana'ar goge tagogi ba da gida ɗaya yake cin abinci ba. Abin da ke riƙe da shi shi ne zagaye, wato gidaje da shaguna da ofisoshin da yake komawa a kai a kai. Idan ka daɗe a sana'ar, wata rana dole wani daga cikin masu gidajen nan ya tare ka ya ce: "Malam, hidima ta yi mini yawa. Ka riƙa zuwa bayan wata biyu-biyu maimakon kowane wata." Sabon shiga yakan ce to, ba komai, ya ci gaba da karɓar kuɗin da ya saba. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma asara ce a cikinta. Ɗauko biro da takarda mu gani.

A duk lissafin da ke tafe za mu ɗauka kuɗin zuwa ɗaya 100 ne. Ba farashin kowa ba ne, mun zaɓe shi ne don sauƙin rabawa da ninkawa. Idan ka gane hanyar, sai ka cire 100 ka sa naka.

Sau nawa kake zuwa a shekara?

Shekara tana da mako 52. Idan kana zuwa duk bayan mako 4, raba 52 gida 4, ka sami 13. Wato sau 13 kake zuwa gidan a shekara, kana karɓar 1,300. Idan aka mai da kai duk bayan mako 8, zuwanka ya koma 6 da rabi, ko mu ce sau 13 cikin shekara biyu. A tsohon farashi, abin da gidan zai ba ka a shekara ya zama 650. Rabi ya tafi ke nan. Idan kuma duk bayan mako 12 ne, zuwa 4 ne kawai da ɗan ɗori.

Kafin mu wuce, ga wani abu da ke yawan haɗa mutane faɗa. "Kowane wata" da "duk mako 4" ba ɗaya ba ne. Na farko zuwa 12 ne a shekara, na biyu 13. Tun ranar da kuka yi ciniki ka faɗi wanda kake nufi, ka rubuta, don kada watan da ka zo sau biyu a ce ka yi cuta.

Datti ba ya jiran jadawalinka

Ragin kuɗin shekara shi ne abin da ido ke fara gani. Wanda ya fi shi ciwo shi ne aikin da kansa yana ƙaruwa. Gilashin da aka goge mako 4 da suka wuce ƙura ce kawai a kansa. Ka jiƙa shi da ruwan sabulu, ka ja robar gogewa sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ka share gefuna da tsumma, ka wuce. Gilashin da ya yi mako 8 ko 12 wani abu ne daban. Kashin tsuntsaye ya sha rana ya bushe ya kama, sai an jiƙa an jira kafin ya saki. Gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwoyi, kuma idan ba ka cire ta da farko ba, ruwa na taɓa ta za ta manne wa gilashin. Ƙasa ta taru a bakin taga da cikin firam, ruwan wankinka zai kwaso ta ya zubo a kan wurin da ka riga ka goge. Ruwan bokitinka ma zai yi baƙi da wuri, ka sauko daga tsani ka canza.

Mafi wahala shi ne farin tabon nan da ruwa ke bari. Wani ruwan yana ɗauke da sinadarai irin su kalsiyam da magniziyam. Idan ya fantsamu a gilashi, daga bututun ban ruwan fulawa ko daga abin da ke ɗigowa ta jikin bango, ruwan yakan bushe ya bar sinadaran. Sabon tabo yana fita da sauƙi. Wanda ya daɗe sabulu ba ya cire shi, sai an sa abu mai ɗan tsami an dirza, kuma idan ya wuce kima yana iya cin fuskar gilashin har ya ƙi fita gaba ɗaya. Ranar da haka ta faru, maigida ba zai tuna shi ne ya rage zuwanka ba. Kai zai ce ba ka iya aiki ba.

Gidaje ma ba su zama ɗaya ba. Wanda ke bakin babban titi yana shan hayaƙin motoci, wanda ke kusa da teku gishirin iska yana dusashe gilashinsa, wanda ke ƙarƙashin itatuwa yana fama da tsuntsaye da danƙon ganye. Akwai kuma gidan da ke cikin lungu, wanda ko wata uku ya yi ba za ka ga wani bambanci mai yawa ba. Saboda haka kada ka ƙaƙaba wa kowa ƙari iri ɗaya. Agogo shi ne alƙali.

Lissafi da agogo

Lokacin da gida yake ci maka kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya canzawa ko tagogin na da datti ko babu: tafiya zuwa gidan, sauke kaya, kafa tsani yadda ya kamata (ƙafarsa ta fito taku ɗaya daga bango a kan kowane taku huɗu na tsayi), tattara kaya, da jiran a biya ka. Akwai kuma lokacin gugar kanta, wanda ke ƙaruwa gwargwadon daɗewar datti.

Mu ce a zuwan mako 4 tafiya da shiri suna cin minti 20, guga tana cin minti 40. Jimla minti 60, kana karɓar 100. Wato awarka ɗaya 100 ce, kowane minti 15 kuma 25 ne. Riƙe wannan da kyau.

Yanzu an mai da kai mako 8. Ka duba agogo ka ga gugar ta ci minti 55. Haɗa da minti 20 na tafiya da shiri, ya zama 75. An sami ƙarin minti 15 a kan awa guda, don haka farashin da ya dace shi ne 125. Idan mako 12 ne kuma gugar ta kai minti 70, jimla minti 90, awa ɗaya da rabi, farashi 150. Duk wanda ya karɓi 100 a aikin minti 90 ya sayar da awarsa a kan ƙasa da 67, shi da kansa ya rage wa kansa lada ba tare da an roƙe shi ba.

Wasu kan ce a ninka kuɗin kawai, tunda an raba zuwa biyu a mai da 100 ta zama 200. Ban goyi bayan wannan ba. Mutumin ya zo maka ne yana neman sauƙi. Idan bai ga sauƙin ba, zai nemi wani, kai kuma ka rasa gidan ɗungurungum. Ƙarin da za ka iya kare shi da hujjar lokaci shi ne ƙarin da ke zama.

Gurbin da ya buɗe

Saura abu guda. Ranar da ka saba zuwa gidan nan, yanzu sau ɗaya kana zuwa, sau ɗaya ba ka da aiki a wannan awar. Ƙarin 25 ba zai cike wannan rami ba, kuma ba a kan maigida ya kamata ka ɗora shi ba. Maganinsa shi ne ka sami wani gida na mako 8 a unguwar, ka riƙa yi musu karɓa-karɓa: wannan zagaye na wancan, zagaye na gaba na wannan. Duba abin mamaki. Gida biyu na mako 8 a kan 125 kowanne suna ba ka 250 cikin mako 8, alhali gida ɗaya na mako 4 yana ba ka 200 ne. Ka yi aikin minti 150 maimakon 120, kuma awarka tana nan a kan 100.

Wannan ne ya sa mai zagayen mako 4 ya fi son a ce masa 8 ko 12 a kan a ce masa 6. Takwas da sha biyu suna faɗowa daidai ranar da kake unguwar. Shida kuwa sau ɗaya za ta dace, sau ɗaya ta sa ka yi tafiya ta musamman saboda gida ɗaya tak, minti 20 ɗinka ya koma 40 ko fiye. Idan mutum ya nace sai mako 6, sa tafiyar cikin farashi.

Yadda za ka faɗa wa maigida

Kada ka fara da ƙarin kuɗi. Fara da abin da zai rage masa.

"Malam, daga yanzu bayan wata biyu nake so ka riƙa zuwa."

"To, ranka ya daɗe, za a yi. A yanzu cikin mako 8 kana biyan 200. Idan na koma zuwa sau ɗaya, 125 za ka biya. Ka ga 75 ta rage maka ke nan."

"Af! Ai na ɗauka 100 ɗin ce dai."

"Ɗari ta aikin awa guda ce, maigida. Idan tagogin suka yi wata biyu, sai na ƙara kwata a kai kafin su fito yadda ka saba gani. Idan ka yarda, zuwan farko mu duba agogo tare. In bai kai haka ba, sai in rage."

Wannan tayi na ƙarshe yana kashe gardama, amma fa idan ka yi shi, cika shi. Kuma tunda ka karɓi ƙari, firam da bakin taga da saƙar gizo-gizo duk suna wuyanka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai wanda zai ce: "Bar shi kawai, in na ga sun yi datti zan kira ka." Wannan ya fita daga zagaye. Ba ka san ranar kiransa ba, ba ka san yadda za ka tarar da gilashin ba, ba kuma za ka iya ajiye masa gurbi ba. Sanar da shi cikin ladabi cewa duk ranar da ya kira, sai ka ga tagogin kafin ka yanka kuɗi, kamar yadda ake yi wa gidan da aka fara zuwa. Haka nan mai cewa "tsallake ni wannan karon" sau biyu, sau uku a jere: ya riga ya koma mako 12 ko 16 ba tare da ya faɗa ba, sai a zauna a sake magana.

Aikin yi

Wani shago yana biyan ka 80 duk mako 4, aikin kuma gaba ɗaya minti 40 yake ci. Mai shagon ya ce ka koma mako 12. Ka gwada ka ga yanzu minti 60 yake ci. Nawa ne kuɗin kowane minti 10 a tsohon ciniki? Nawa ya kamata ka karɓa yanzu? Nawa mai shagon yake biya cikin mako 12 a da, nawa kuma ya rage masa?

Bayan ka gama, zaɓi gida uku daga cikin waɗanda kake yi wa aiki. A zuwanka na gaba rubuta lokacin da ka bar wurin da kake, lokacin da ka fara guga, da lokacin da ka ɗaure tsaninka. Kawo takardar aji mako mai zuwa.