Yadda nake daidaita kusurwar bargon haɗi da layin leza

Bargon farko da na haɗa da ragowar ƙyallayen atamfa na kayan ɗakin ƙanwata ne, na gado mai ƙafa 6 da 6. Da muka shimfiɗa shi ran jere, gefen dama ya sauka har ƙasa, na hagu ya tsaya a rabin katifa, kusurwa ɗaya ta yi tsini kamar kunnen zomo. Ba wanda ya ce komai, amma abin ya tsaya mini a rai. Ƙanena mai sa tayil ne ya raba gardamar. Ya tarar da ni durƙushe da tef da alli, ya ce, "Yaya, bari in ara miki abin aikina ki gwada." Tun daga ranar ban sake yanke bakin bargo ba tare da leza ba, wato na'urar nan da ke haska siririn layi miƙaƙƙe.

Iri biyu za ki tarar a hannun masu gini. Akwai wadda ke haska layi a bango, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Tana da amfani, amma layi ɗaya tak take saukarwa a ƙasa. Wadda nake so ita ce ta masu tayil, irin Bosch GTL 3: ana ajiye ta a ƙasa ta fitar da layi biyu masu kusurwar digiri 90, har da na tsakiya mai digiri 45. Da batir take aiki, don haka ɗauke wuta bai dame ki ba. In kina da zaɓi, koren haske ya fi ja fitowa a ido. Kowanne ne dai, ki ja labule, ko ki bari sai bayan Magariba, domin hasken rana yana cinye layin. Kuma ki kori yara daga ɗakin. Na'urar a ƙasa take, daidai idon mai rarrafe, su kuwa ba abin da suke so kamar leƙa bakinta.

Kafin ki amince da ita, ki gwada ta, musamman ta aro da ta sha faɗuwa a wurin gini. Daga inda layukan suka haɗu, auna inci 36 a kan ɗaya ki ɗiga alli, auna inci 48 a kan ɗayan ki ɗiga. Tsakanin ɗigon biyu dole ya ba ki inci 60 cif. Lissafin 3, 4, 5 ke nan da magina ke fitar da harsashi da shi. In bai ba da 60 ba, mayar wa mai ita. Kada kuma ki dogara da layin tayil ɗin ɗakinki, don na sha ganin wanda ya karkace.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kin gama ɗinke falle ukun nan wuri guda, wato fuska da audugar ciki da shafin baya, kafin ki naɗe baki. Ɗinkin da kika bi jikin bargon da shi yana tsuke shi, kuma ba ya tsukewa daidai: inda ɗinki ya yi yawa ya fi shiga. Ga ƙyallayen da aka yanka a karkace, masu kusurwa uku, da ja kaɗan suke miƙewa. Shi ya sa fuskar da ta fito daidai daga kan keke take dawowa a murɗe.

Nan ne wurin da na fi so ki tsaya. Kada ki daidaita layin da bakin bargon. Bakin shi ne ya lalace, shi kika zo gyarawa. Abin bi shi ne ɗinkin ciki, wanda ya raba zanen tsakiya da ƙyallen da ya kewaye shi. Shi ido ke fara gani in an shimfiɗa a gado. In kika yanke baki ya miƙe sambal alhali wannan ɗinkin yana lanƙwashe, ƙyallen kewayen zai zama inci 5 a nan, inci 4 a can, kuma kowa zai lura.

Shimfiɗa bargon a kan kafet, ko kwali da aka baje, inda fil zai iya kamawa. Ki lallashe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje, ban da ja. Ɗora lezar a kusurwar ɗinkin ciki, a kan ɗan siririn katako don kada ta nutse cikin auduga ta karkata. Juya ta har layi ɗaya ya hau ɗinkin gefen da ya fi miƙewa. Sai ki dubi ɗaya layin. Za ki ga ɗinkin yana tafiya tare da hasken, can wajen tsakiya ya zame ya bar shi da faɗin yatsa, ya sake dawowa. Ki duba daga sama tsaf, kanki a bisa layin, domin tudun auduga yana sa ya yi kamar yana rawa in kin kalle shi daga gefe. Inda atamfar ta yi duhu hasken ya dushe, ɗora farar takarda.

Maganin wannan zamewar ruwa ne, ba almakashi ba. Fesa ruwa har wurin ya yi laima, ki tura ɗinkin da yatsu a hankali ya koma ƙarƙashin hasken, ki kafe shi da fil kowane taƙi guda. Fil marar tsatsa, don Allah, tabon tsatsa da wuya yake fita daga farin ƙyalle. Haka za ki bi kusurwa huɗun. Da hunturu kafin safe ya bushe, da damina ki kunna fanka ki ba shi kwana biyu. Kada ki cire fil sai ya bushe ƙarau, bushewar ce ke riƙe shi a sabon zamansa. Wannan kuma dalili ne na wanke atamfa tun kafin yanka: wadda ke zuba za ta nuna halinta a nan, a kan aikin da kika gama.

Yanzu sai yanka. Daga ɗinkin ciki ki auna faɗin da kike so, a ce inci 5, ki ɗiga a wurare da dama. Mayar da lezar kan waɗannan ɗigon, ki zana layi da alli. Hasken yana ƙara kauri in ya yi nisa, don haka ki riƙa bin tsakiyarsa. Zana gefe huɗu duka kafin ki taɓa almakashi, sannan ki auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, hagu da dama. Bargo mai inci 90 da 90 zai ba ki inci 127 da ɗan ɗoriya a kowanne. Ni ina yafe bambancin rabin inci. In ya wuce haka, goge allin nake in sake.

Da kin yanke, bi bakin da ɗinki ɗaya kusa da gefe nan take, kafin ki ɗaga shi da yawa, don kada ya sake murɗewa kafin naɗi. A bargo na gaba kuma, in za ki yanka ƙyallen kewaye, ki ɗauki awonsa ta tsakiyar fuskar, ba ta gefe ba, ki yanka na hagu da na dama tsawo ɗaya, ki kama su da fil a tsakiya da ƙarshe kafin ki hau keke. Tun da na fara haka, fil ɗin da nake kafawa a kafet bai kai rabin na da ba.