Yadda ake samo sahihiyar shawarar taimakon gaggawa kan harbin halittun teku

Na taɓa ganin wani matashi ɗan Arewa a bakin teku a Legas yana ihu, ƙwaurinsa ya yi jan layi-layi kamar an zabga masa bulala. Abokansa kowa ya duƙufa a waya. Kafin su gama gardama, ɗaya ya fasa ledar fiya wata ya kwarara masa, ihun ya ƙaru. Jelifish ce ta harbe shi, halittar nan mai yauƙi da ke yawo a ruwa kamar farar leda, kuma ruwan sha na sa ƙwayoyin dafin da suka manne a fata su ƙara fashewa.

Saboda haka ka yi bincikenka tun kana gida. Ka ɗauki hoton shafin ka ajiye, don sabis a bakin teku ba abin dogaro ba ne.

Sai ka duba wanda ya rubuta. Ni ba na karɓar komai sai daga hukumar lafiya, ko Red Cross, ko masu ceto na wannan gaɓar. Bidiyon TikTok ba ya cikin lissafi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne rashin duba ƙasar da shawarar ta fito. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce kada a zuba ruwan khal. A arewacin Ostireliya kuwa, inda ake da jelifish mai siffar akwati da ke iya kashe mutum cikin mintuna, umarnin shi ne a kwarara ruwan khal na aƙalla daƙiƙa 30. Kowa da gaskiyarsa, halittun ne suka bambanta. Don haka ka haɗa sunan tekun a bincikenka: Bahar Maliya in Jidda ko Port Sudan za ka, Atlantika in Legas ce ko Kwatano ko Accra. Masuntan wurin ma ka tambaye su abin da ke cikin ruwan, sun fi kowa sani, amma magani ka bar wa likitoci.

Shafin kirki zai ce a wanke da ruwan teku, a cire ragowar zaren da hantsaki, a jiƙa wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kusan digiri 45, na minti 20 ko fiye. Haka ma sukar kifi mai ƙaya a wutsiya. Ka fara gwada ruwan da lafiyayyen hannu. In ka ga an ambaci fitsari, ko goga yashi, ko shafa manja, rufe shafin.

Numfashi ya sarƙe, ƙirji na ciwo, fuska ta kumbura, ko harbin a ido ne? A bar bincike a waya, a nufi asibiti, ko a kira 112 in a Najeriya ne. Ƙayar da ta shiga ƙirji ko ciki kuma kada a zare ta.