Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tace Bayanan Injinan Aikin Ƙasa

Yaranmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi da suka shiga aikin safiyo da injiniyancin hanya a 'yan shekarun nan ba su da matsala da kwamfuta, domin cikin ɗan lokaci za ka ga yaro ya san lungu da saƙo na manhajar lura da aikin ƙasa, ko WorksOS ce ta Trimble, ko Sitelink3D ta Topcon, ko ConX ta Leica. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kusan duk wanda ya zo hannuna sai ya maimaita kuskuren wanda ya gabace shi, kuma a wuri guda, wato wajen tace bayanan da injina suke turowa kafin a fitar da lissafin da za a sa wa hannu.

Ya kamata a fara da fahimtar yadda bayanan suke taruwa. Katafila ko gireda ko rola ko injin haƙa da aka ɗora wa GPS bai san lokacin da yake aiki da lokacin da yake wucewa kawai ba. Manhajar tana yanka filin aiki gida-gida, a ta Trimble faɗin kowane gida bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na mita ba, kuma duk sa'ad da wuƙar gireda ko gangar rola ta ratsa wani gida, ana rubuta lokaci, da tudun wurin, da sunan injin, da ko gaba yake tafiya ko baya, da ko girgizar gangar rola tana kunne. Gida ɗaya yana iya tara sawu masu ɗimbin yawa a cikin wata, amma taswirar da ke gabanka tudu ɗaya kawai take nunawa a kowane gida, kuma tacewa ce take zaɓar wanne. Wanda bai zaɓa da hannunsa ba, manhajar ta riga ta zaɓa masa, ko kuma zaɓin wanda ya zauna a kujerar jiya ne yake aiki a kansa.

Kuskuren da na fi jin zafinsa shi ne ƙirga sawun rola ba tare da raba shimfiɗa da shimfiɗa ba. Ciko ba a zuba shi gaba ɗaya. Ana shimfiɗa marmara da kaurin da takardar kwangila ta yanka, galibi santimita 15 zuwa 20 bayan daɓewa, a jiƙa ta daidai, rola ta bi ta kanta sawun da aka tsayar a wurin gwaji, sannan a zuba ta gaba. Idan aka tsayar cewa sawu takwas ake bukata, manhajar za ta rina gidan da ya cika takwas da launin da aka ware, sau da yawa kore. To amma idan ba a gaya mata cewa shimfiɗa ta uku kaɗai ake tambaya ba, za ta haɗa sawu huɗu na shimfiɗa ta biyu da sawu huɗu na ta uku, ta ce takwas sun cika, alhali babu ɗaya daga cikin biyun da ta samu fiye da rabin abin da ya kamata.

A wani ciko na gefen kwalbati da muka yi a bayan garin Kumasi, wani yaro mai hazaƙa ya kawo mini taswira ya ce, "Maigida, ko'ina kore ne, a bar tifofi su zuba." Aka zuba, aka ƙara wata shimfiɗar a kai. Da masu gwajin ƙasa na injiniyan da ke sa ido suka haƙa ramukansu suka auna da yashi, wato suka cika ramin da yashi don gane girmansa su gwada da nauyin ƙasar da aka fitar, sai nauyin daɓen ya kasa kaiwa abin da kwangila ta nema. Na kira shi na ce, "Ƙanena, shimfiɗa ta nawa ka tace?" Sai ya tsaya yana kallon allon, domin bai ma san akwai wannan zaɓin ba. Dole aka sa katafila ta farfasa abin da aka riga aka daɓe, aka kwashe na sama, aka sake daga ƙasa, ga kuɗin dizal, ga hayar rola da ke ci kullum, ga hadarin damina na haɗuwa a kanmu, kuma marmarar da aka buɗe idan ta sha ruwa sai an jira ta sha iska kafin a taɓa ta. Sa hannuna ne a kan takardar, don haka ni na amsa tambayoyi a gaban mai aiki. Har yau raina yana ɓaci idan na ga yaro ya ɗauko taswirar sawu ta wata guda cur yana murna da korenta. Wannan sakaci ne, kuma ba a yi wa sakaci uzuri da cewa manhajar ce ta nuna, tun da manhajar abin da aka tambaye ta ta amsa.

Abin da nake yi tun daga lokacin ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Direban rola ba ya tayar da ita a kan sabuwar shimfiɗa sai ya sauya lambar shimfiɗa a allon da ke gabansa, kuma fomanin wurin yana rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka gama a littafi, da biro, domin direba mutum ne, yana mantuwa. Idan na zo dubawa, ina haɗa abu huɗu a tacewa ɗaya: lambar shimfiɗa, da tsakanin lokutan nan biyu na littafi, da rolar da ta yi aikin ita kaɗai, da girgiza a kunne. Akwai manhajojin da suke gane sabuwar shimfiɗa da kansu ta hanyar lura da ƙaruwar tudu, kuma na san abokan aiki da suke dogara da hakan, amma ni ban yarda da shi shi kaɗai ba, domin a wurin da shimfiɗa ta yi siriri a gefen gangare yakan ɗauki biyu a matsayin ɗaya. Maganar girgiza kuwa, rola da ta ratsa wurin a kashe tana hanyar zuwa shan mai ba daɓe ta yi ba, kuma bai kamata sawunta ya shiga ƙirga ba sai idan tsarin aikin ya tanadi sawun da ba girgiza.

A nan ne kuma ake ruɗewa da lambar CMV, wato lambar da rola take nunawa ta taurin ƙasar da take bi ta kanta. Na'urar da ke jikin ganga tana auna yadda ƙasa take mayar da bugu, saboda haka ba ta aiki sai da girgiza, kuma tana jin taurin ƙasa har zurfin mita ɗaya ko fiye, alhali shimfiɗar da kake dubawa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Idan akwai dutse ko tsohuwar hanya a ƙarƙashi, lambar za ta hau ko da shimfiɗar sama ba ta daɓu ba. Ni ina amfani da ita ne don gano wurare masu laushi da zan tura masu gwaji su haƙa, kuma gwajin yashi ne yake yanke hukunci.

Kuskure na biyu da ya taɓa cin kuɗinmu shi ne zaɓen tudun da za a yi lissafin yawan ƙasa da shi. Manhajar tana ba ka damar ɗaukar sawun farko, ko na ƙarshe, ko mafi tudu, ko mafi zurfi a kowane gida, kuma kowanne yana da inda ya dace da inda yake yin ɓarna. A wurin haƙa, mafi zurfi yana da ma'ana, tun da bokitin injin haƙa yana sauka yana tashi, kuma ƙasan da ya taɓa shi ne abin da ake nema. Amma idan direba ya zarce ya haƙa fiye da zane aka sake cike ramin, mafi zurfi zai ci gaba da nuna rami a inda babu shi. Idan kuwa ka manta wannan zaɓin a kunne ka koma wurin ciko, za ta nuna maka ƙasar asali, ciko na makonni ya ɓace daga lissafi. Mafi tudu kuma ya fi kowanne yaudara, domin katafila da ta hau tarin marmara don ta baje shi ta bar tsauni a taswira, kuma ba zai sauka ba ko bayan an baje tarin. Ina roƙon masu tasowa su riƙe wannan lissafin a ka: kuskuren santimita 5 a kan hekta ɗaya mita kubik 500 ne, wato lodin tifa 25 idan kowace tana ɗaukar mita kubik 20. Idan lissafin ya yi ƙasa, ɗan kwangila ya yi aikin da ba a biya shi ba. Idan ya yi sama, safiyon mai aiki zai kama shi a awon wata, daga nan kuma duk takardar da ka kawo sai an dube ta da zargi, wanda a wurina ya fi asarar kuɗin ciwo.

Al'adata a ciko ita ce na ɗauki sawun ƙarshe na rola kaɗai, na cire katafila da gireda, domin gangar rola a kan ƙasar da aka gama take birgima, wuƙa kuwa tana iya kasancewa a ɗage. A haƙa ina ɗaukar mafi zurfi amma a cikin gajeren lokaci, ba na barin sa ya ratsa ranar da aka yi gyara. Sannan farkon lissafi ba na ɗaukar sawun farko na ranar Litinin, domin lokacin da injin mai GPS ya fara taka wurin tifofi sun riga sun juye, kuma wannan kason zai salwanta. Ina kafa shi a kan tudun ƙarshe na makon da ya shige ko a kan awon safiyo. Kada kuma a manta cewa gidan da injin mai GPS bai taka ba babu komai a cikinsa, don haka aikin loda da tifa da injin haya marar na'ura ba ya bayyana, sai an rufe giɓin da awon da safiyo zai taka ya yi ko na jirgi marar matuƙi.

Ingancin GPS ma abin tacewa ne. Idan injin yana samun gyaran RTK, wato saƙon da ke gyara kuskuren GPS nan take, daga tashar da aka kafa a fili, kuskuren tudu 'yan santimita ne, amma a ƙarƙashin manyan itatuwa ko a gindin yanka mai tsawo, ko idan rediyon tashar ya yanke, yana iya kaiwa gomman santimita har mita. A lissafin kuɗi mafi inganci kaɗai nake bari. Idan kuma dukkan injina suka nuna tudu ya tashi ko ya sauka da adadi ɗaya daga wata safiya, kada a nemi maganin a tacewa, a je a duba ko an taɓa ƙafar tashar.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. A zana iyakar wurin aiki a cire ramin ɗibar marmara da hanyar tifofi da wurin ajiye tari. A tabbata zanen da aka zaɓa shi ne na ƙarshe da injiniya ya amince da shi, domin tsofaffin suna nan a jeri da sunaye masu kama da juna. Agogon Ghana daidai yake da GMT duk shekara, amma idan an buɗe aikin a manhaja daga ofishin wata ƙasa, ranar tana iya yankewa a wani lokaci dabam, aikin dare ya faɗa cikin gobe. Rahoton da aka ciro da La'asar bai cika ba matuƙar akwai injin da ke inda intanet ba ta kai, sai ya gama turo abin da ya tara. Kada a gwada mita kubik na cikin tifa da na cikon da aka daɓe kai tsaye, domin ƙasa tana kumbura idan an haƙa ta, tana kuma tsukewa a ƙarƙashin rola. Iyakar da aka shigo da ita daga wata takarda a duba tsarin awonta, tun da tsohon tsarin taswirar Ghana da ƙafa ake ƙirga shi, wani kuma da mita, kuma masu aiki a wajen Tema su tuna layin Greenwich da ya ratsa can shi ne ya raba shiyya ta 30 da ta 31 a tsarin UTM mai raba taswirar duniya shiyya-shiyya.

Akwai wani abu da ba na kiransa kuskure, domin da gangan ake yinsa, kuma ba na yafe shi. Yaro ya ga ja a taswira, sai ya yi ta cire injin nan, yana matse ranakun can, yana tankaɗe bayanan kamar gari a rariya har sai abin da ba ya so ya tsaya a sama, ya kawo maka kore. Jan da ya ɓoye yana nan a cikin hanya, kuma damina biyu da muke yi a shekara a kudancin Ghana za su tono shi a ƙarƙashin tayar motar da ta ɗauko 'yan'uwansa. Saboda haka duk rahoton da zai fita daga ofishina sai an rubuta a kansa ranaku, da injina, da shimfiɗa, da irin tudun da aka zaɓa, da sunan zane, yadda wani zai iya zama a wata kwamfutar ya fitar da lamba iri ɗaya. Wanda ya kawo mini takarda babu waɗannan, ina mayar masa da ita ya sake, ko da mai aiki yana zaune yana jira.