Kurakuran da Ke Buɗe wa Awaki Hanyar Shiga Lambu

A ƙasar Zazzau ba barewa ba ce damuwar mai lambu. Jar akuya ce, da tunkiya, wani lokaci da shanun da ke wucewa zuwa mashaya. Duk tsawon damina dabbobin gari suna ɗaure a turke, amma da an kawar da amfanin gona, wajen watan Nuwamba zuwa Disamba, sai a sake su. A daidai lokacin ciyawa ta bushe, kore ɗaya da ya rage shi ne lambunan rani na bakin kogunan Kubanni da Galma, da ɗan zogale, gwanda da mangwaron da aka dasa a bayan gida. Akuya ɗaya ta isa ta share kwamin salak kafin mai shi ya dawo daga sallar la'asar.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a yi shuka tukuna, a ce shinge zai biyo baya in kuɗi sun shigo. Akuyar da ta taɓa ɗanɗana abin da ke ciki ba ta mantawa. Gobe za ta dawo da 'yan uwanta, kuma shingen da zai iya tare baƙuwar akuya ba lallai ya tare wadda ta san daɗin wurin ba, domin ita zagayawa za ta yi ta yi har ta samu kafa. A gama shinge da ƙofarsa kafin a zuba iri. In kuɗin ba su kai ba, a rage girman lambun, kada a rage ingancin shingen.

Na biyu, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa: ana kallon saman shinge a manta da ƙasansa. Tsayi yana da muhimmanci, ƙafa huɗu shi ne mafi ƙaranci, biyar ta fi kwanciyar hankali. Amma akuya ta fi shiga ta ƙasa fiye da tsallakewa. Tana cusa hanci, ta bi da kai, ta ɗaga wayar da wuyanta, sai ga ta a ciki. 'Yan ƙanana kuwa ko ramin taƙi ɗaya ma ya ishe su, kuma da ɗan ya shiga ya fara kuka, uwar ba za ta bar shingen ya zauna lafiya ba. Gyaran shi ne a tona ɗan rami mai zurfin inci huɗu zuwa shida a bin layin, a binne gindin ragar a ciki, a danne da duwatsu ko fasassun bulo. Inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar kwari a ƙarƙashin shinge, a cike shi da dutse, ba da ƙasa kaɗai ba.

Sai zaɓen waya. Waya mai ƙaya layi uku ko huɗu ta shanu ce. Akuya ratsawa take yi ta tsakiya, in ta yi rashin sa'a ta yage hantsa, mai lambu ya jawo wa kansa magana. Ragar kaji kuma siririya ce, awaki suna son goga jikinsu da shinge, cikin 'yan watanni sai ta saki ta yi ciki. Wadda ke aiki ita ce raga mai kauri wadda idonta bai wuce inci huɗu ba. In idon ya fi haka faɗi, akuya tana tura kai ta ci abin da ke kusa, ƙaho ya maƙale, ta yi ta fizga har ta ɓata wurin. Wanda ragar kaji kaɗai yake iya saye, ya ƙara mata sanduna biyu a kwance, ɗaya a ƙasa, ɗaya daidai tsayin haƙarƙarin akuya, su ɗauki nauyin gogar. Akwai wani ƙaramin abu da ko masu aikin kan yi sakaci da shi: a ɗaura ragar ta wajen dirkoki, ɓangaren da dabba ke zuwa. Haka in ta tura, dirka take turawa. In ta ciki aka ɗaura, ƙusa da wayar ɗauri kaɗai ke riƙe ta, su kuwa ba su daɗewa.

Dirkokin kansu, a kafa su cikin rami mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, tazarar ƙafa shida zuwa takwas, na kusurwa su fi kauri a kuma tokare su. Gara ba ta raga wa itacen da aka binne haka nan. A babbake gindin da wuta har ya yi baƙi kafin a kafa, ko a shafe shi da baƙin mai in ba dab da kwamin ganye yake ba.

Dangar kara tana da arha kuma tana tare iskar hunturu, amma mutane suna mantawa cewa karan dawa da ganyensa abinci ne ga dabba a tsakiyar rani. Tun daga waje ake fara cin shingen. A sassabe ganyen tas, a ɗaure karan da tanka biyu ko uku, sannan a jera ƙayar magarya ko farar ƙaya a gindinsa ta waje, faɗin kamar ƙafa biyu, kan ƙayar na kallon waje. Ƙaya tana lotsawa in ta bushe, yara da masu neman itacen girki kuma suna ja, saboda haka tana son ƙari duk bayan 'yan makonni. Tsohon gidan sauro da ake gani an kewaye lambuna da shi yana tare kaji, amma rana tana cinye shi, ƙaho ɗaya kuma ya isa ya keta shi.

Shingen bini-da-zugu ko na aguwa shi ne mafita mai ɗorewa, tunda awaki ba su damu da cin su ba. Kuskuren shi ne a dasa yau a zaci an gama. Yana ɗaukar kamar damina biyu kafin ya haɗe, a tsakanin nan dole a bar danga ko waya a wurin. A yanko rassa masu tsawon ƙafa biyu zuwa uku a ƙarshen rani, a bar bakin yankan ya sha iska kwana biyu ko uku don kada ya ruɓe, a kafa su kusa da kusa, tazarar taƙi ɗaya, layi biyu a saɓe. A riƙa datse kansa yana ƙarami domin ya yi rassa daga ƙasa. Wanda aka bari ya miƙe sama, gindinsa tsirara yake zama, nan ne kuwa hanyar akuya. A kula da yara: 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, ruwan aguwa kuma yana ƙona ido.

Dashen itace guda ɗaya a ƙofar gida yana da nasa kurakuran. Ana yi masa kewaye matsattse kuma gajere, alhali akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya, ta dafa kewayen, ta cinye kan dashen. A bar ƙafa biyu tsakanin dashe da kewaye ta kowane gefe, tsayin ya kai ƙafa biyar. In da bulo za a yi, a bar ramuka ƙanana iska ta shiga. Tarin tsofaffin tayoyi yana ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu, da damina kuma ya tara ruwan sauro. Kada a yi gaggawar cire kewayen don ganye ya wuce bakin akuya. Ɓawon ma ci take yi. In ta ɓare shi zagaye, abincin da ganye ke aika wa saiwa ya yanke, itacen zai bushe ko ana ba shi ruwa kullum. Zogale in aka sare shi ƙasa da raunin yana sake tohowa. Mangwaro mai aure kuwa, in ɓarnar ta sauka ƙasa da wurin auren, abin da zai toho na gindin ne, ba irin da aka saya ba.

Ruwan barkono da ake fesawa taimako ne na 'yan kwanaki, ban ruwa da raɓa suna wanke shi. Wanda ya fi shi tasiri a jikin dashen itace shi ne kashin awaki da aka jiƙa kwana biyu ko uku, a dama shi da kauri a shafa, domin akuya tana ƙyamar abin da ke warin kashinta. A sabunta duk mako ɗaya ko biyu. Ba a sa shi a salak, kabeji ko duk ganyen da za a ci.

Zuba guba kuwa ba shi da wani uzuri. Ba ta zaɓen wanda za ta kashe, kare ne, kaza ce, ko yaron da ya tsinci abin, ga kuma haƙƙin dabba da na maƙwabci. Haka sara ko karya ƙafa. In dabbar ta shiga, a kama ta a ɗaure a inuwa, a ba ta ruwa, a kira mai ita ya ga ɓarnar da idonsa. In abin ya ci gaba, a kai maganar wurin mai unguwa.

Sau da yawa shingen lafiyarsa ƙalau, mai lambun ne ya yi wa akuya tsani ko gayyata: tarin bulo, kututture ko tsibin taki a jikin shinge, ko ganyen kabeji da ciyawar da aka cire ana jefawa ta kansa. A janye duk abin hawa aƙalla ƙafa huɗu, a kai sharar ganye nesa, a kuma bar fili ƙafa biyu tsakanin shinge da kwamin farko. Ƙofa ta samu sakata ta gaske, ba igiyar da ake rataya wa ƙusa ba, kuma kada ƙasanta ya bar ramin da ya wuce yatsu huɗu.

In har ana shiga kuma an rasa ta ina, a share gindin shingen ta ciki da yamma, a barbaɗa toka a bin layin. Da safe sawun kofato zai nuna wurin, galibi ma da ɗan jan gashi maƙale a wayar.